Tafiyata Mokolo Don a Raba Ni da Abokin Kwanona

Tun da na dawo daga Kamaru 'yan zumuntarmu suka hana ni sakat. Wannan ya tare ni a bakin ɗakin lakca, wancan ya biyo ni har teburin mai shayi: yaya hanya, me suke ci a can, da gaske ne jandarmominsu ba sa dariya? Wasu kuma ba hanyar ce ta dame su ba. So suke su ji abin da ya sa shugaban zumuntar ɗalibai Kirista ya ƙetare iyaka ana tsakiyar zangon karatu, bai ko yi wa kwamiti cikakken bayani ba. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, kowa na ɗauka yana ƙara masa gishiri. Ga shi nan gaba ɗaya, wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa.

A wani ƙauye na tashi, a gindin duwatsun Gwoza. Muna da ƙungiyar yara a majami'armu, mai kula da ita Malam Bitrus, manomi ne da ya yi ɗan karatu. Kowace Asabar mukan taru a koya mana waƙa da addu'a, a ƙarshe a ci abinci. Malam yana da wata doka da ban taɓa jin irinta a wani wuri ba. Duk yaron da ya shigo, sai ya haɗa shi da wani, ya ɗora hannuwansu biyu a bakin kwano ɗaya, ya yi addu'a. Daga ranar kun zama abokan kwano. In abokinka bai zo ba, ba za ka sa hannu a abinci ba sai ka je ka nemo shi. In ba shi da lafiya, kai za ka ɗebo wa mahaifiyarsa ruwa. Kuma ba mai sauya aboki don an yi faɗa, Malam da ya ɗaura shi kaɗai ke kwancewa. Nawa abokin shi ne Dauda, ɗan Baba Ishaku maƙwabcinmu. Yaro ne mai nawar ci kamar tsohuwa, amma in ya buɗe baki yana waƙa har mata masu daka sukan dakata.

Sai mutanen daji suka zo. Mata da yara muka gudu ta bayan gari, maza suka ɓuya a wani kogo da baƙo ba zai taɓa gano shi ba. Sun kama Baba Ishaku a gona, suka ɗora masa bindiga a wuya, ya kai su har bakin kogon. Yayana Iliya yana ciki. 'Ya'yan Malam Bitrus biyu ma suna ciki. Ba wanda ya fito.

Ni da mahaifiyata muka ƙare a Maiduguri, muka kama ɗaki a Bolori. Malam ya tsallaka Kamaru. Dauda kuma wata gwaggonsa ta tafi da shi Yola, ban sake jin ɗuriyarsa ba.

Da na shiga jami'a na tarar da zumuntarmu cike take ranar Lahadi, amma ba wanda ya san inda wani yake kwana. Ɗalibi zai yi mako yana fama da zazzaɓi ba wanda ya leƙa shi. Ban san wata dabara ba sai wadda aka raine ni da ita, don haka na kawo shawarar a riƙa haɗa sabon ɗalibi da tsoho, su zama abokan kwano. Da farko dariya aka yi mini, ana cewa ɗan dutse ya zo da al'adar ƙauye. Kafin shekara ta zagayo abin ya kama, har ɗaliban da iyayensu ke da shaguna a kasuwa, 'yan kudu, sun fi kowa riƙe shi. A kan wannan aka zaɓe ni shugaba, ba don na fi kowa iya wa'azi ba.

Bana Dauda ya shigo jami'ar. Na gan shi a bencin baya a taron zumunta na gane shi nan take, don fuskar mahaifinsa ce sak. 'Yan yankinmu ma sun gane shi. Hannatu, mataimakiyata, wadda mahaifinta ya mutu a kogon, ta ce mini a fili: in aka haɗa ɗan mai nuna kogo da wani, ita da mutanenta sun bar zumunta. Ya nemi shiga cikin mawaƙa, aka ce wuri ya cika. Ni kuwa na yi kamar ban gani ba.

Ranar cin abincin ƙarshen wata aka miƙa masa nasa, ya ajiye a gabansa bai taɓa ba. Wata sabuwar ɗaliba ta tambaye shi ko azumi yake.

“A'a,” ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba. “Abokin kwanona ne bai zauna ba tukuna.”

Ya dubo ni. Kowa ya dubo ni. Na tashi na fita.

Daga ranar abinci ya daina wuce mini a taron zumunta. Ku yi dariya in kuna so: ƙato da ni, ina karatun injiniya, dokar da aka kafa mini ina ɗan ƙaramin yaro ta shaƙe mini wuya. Zama da Dauda ba zan iya ba, don in na dube shi Iliya nake tunawa. Korarsa ma ba zan iya ba muddin ɗaurin nan yana kaina. Sai na yanke shawarar in je Malam ya kwance ni. In ya kwance, Dauda ya zama kamar kowa, kwamiti ya yi abin da ya ga dama da shi, ni hannuna ya fita. An ce mini Malam yana sansanin 'yan gudun hijira a bayan Mokolo, kuma irin wannan abu ba a yin sa ta waya. Da na gaya wa mahaifiyata ba ta ce je ba, ba ta ce kada ka je ba. Garin kunu kawai ta ƙulla mini a leda ta ce in kai masa.

A tashar Bama da ke Maiduguri na shiga mota da safe, amma ba mu tashi ba sai da rana ta yi zafi, domin hanyar ba a bin ta sai sojoji sun buɗe, motoci su jeru su tafi tare. Kusa da ni wata dattijuwa ce Babarbariya, Ya Falmata, daga unguwar Shehuri, tana kai turaren wuta da huluna Mora. Ƙamshin kayanta ya cika motar har wani fasinja ya ce yau ko mun mutu a hanya mun mutu da ƙamshi. Ba wanda ya yi dariya, direba ma harararsa ya yi.

Bayan Konduga hira ta mutu. An sassare daji hagu da dama don a riƙa hango nesa. A kowane shinge sai mu sauka, mu taka da ƙafa hannuwa a sama, mota ta biyo mu. A Bama na ga gidaje sababbi da fenti kusa da kangaye da ciyawa ta cinye, mutane na sayar da kankana a tsakaninsu. Da muka ɗan ƙara gaba duwatsunmu suka bayyana can nesa ta hannun dama. Na sunkuyar da kai ina duban takalmina.

“Ɗana, garinku ne?” Ya Falmata ta tambaya.

Na ce e.

“Kirista ne kai?”

Na ce e.

“To ka yi irin taka addu'ar, in yi irin tawa, mu ga ko za mu isa.” Ta ci gaba da jan carbinta. Can ta ƙara da cewa, “Ni ma maigidana a Bama aka kashe shi.”

Banki da Amchide gari ɗaya ne aka raba biyu, ka taka nan kana Najeriya, ka taka can kana Kamaru. Jandarman da ya karɓi katina ya yi mini tambaya da Faransanci. Na gyara tsayuwa na zuba masa Turancin jami'a, irin wanda nake ji da shi a taron kwamiti. Ya dube ni kamar rediyo ne ke magana. Na koma Hausa, ya girgiza kai. A nan na fara sanin cewa a can Fulatanci ne Hausarsu, shi ake yi a kasuwa da tasha. Ya Falmata ta ture ni gefe, ta yi masa wasu 'yan kalmomi tana nuna ni da haɓa, ya duba katin rigakafina ya miƙo mini kayana. Na tambaye ta me ta ce. Ta ce, “Na ce masa ɗana ne, karatu ya yi masa yawa.”

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne babura. Mu a Maiduguri mun manta da su tun da aka hana hawansu, keke napep muka sani, yaran da aka haifa bayan rikici wasu ba su taɓa hawa ba. A can kuwa kamar ƙudaje. Na hau ɗaya da ƙarfin hali, wajen sauka na manna ƙaurina a jikin salansa. Na yi ihun da ya sa masu canjin kuɗi suka miƙe tsaye. Tabon yana nan, wanda bai yarda ba ya zo in nuna masa.

A Mora na kwana, a zauren ƙanin Ya Falmata, don ta rantse ba za ta bar ni in nemi masauki da ƙafa a ƙone ba. Aka shafa mini man kaɗanya. Da aka ce za a kawo kuskus na gyara zama ina jiran wani abin Larabawa, sai ga tuwon masara, ashe haka suke kiransa. Miyar yakuwa ce da gyaɗa, mai tsami har kunne. Burodinsu kuma dogo ne kamar sanda, ɓawonsa na yanka dasashi, ɗan Maiduguri zai ce ya kwana uku, su kuwa a haka suke sonsa. Na zauna da mazan gidan muka ci a tire ɗaya, mutanen da ban san sunansu ba, addininmu ma ba ɗaya ba. Na ci har na ji kunya. Rabona da cin abinci da mutane haka tun kafin Dauda ya zo.

Bayan an yi sallar magariba Ya Falmata ta zauna a bakin zaure ta ce in gaya mata gaskiyar abin da ya fito da ni. Na gaya mata duka.

“Har Kamaru saboda kwano?” Ta yi dariya, sannan dariyar ta tsaya. “Wanda ya nuna shagon maigidana yana nan da rai. Ƙanwarsa a layinmu take aure. In ta gaishe ni ina amsawa, amma ban taɓa fara gaishe ta ba. Don haka ba ni da abin da zan gaya maka, ɗana. Je ka wurin malaminka.”

Washegari na bi ta Marwa. A can sai ka yanki tikiti a taga, a rubuta sunanka, a kira ka kamar a aji kafin ka shiga mota, ba ruwanka da ɗan kamasho mai jan riga. Daga Marwa hanya ta fara hawa. Da muka kusa Mokolo sai na gane duwatsun nan namu ne, bayansu kawai nake gani. Irin gonakinmu na kan tudu da ake tare ƙasa da duwatsu, irin rumbunanmu masu tsinin kai. Na yi shekaru ina gudun kallonsu, ga shi na zagayo na shigo cikinsu.

Sansanin ya zama gari. Akwai kasuwa, akwai masu ɗinki, akwai majami'u na jar ƙasa. Ina shiga na ji ana ciniki da yarenmu. Yaran da aka haifa a can, waɗanda ba su taɓa taka Najeriya ba, suna rera waƙoƙin da muka rera ranar Asabar. Ban sha wahalar neman Malam ba, su suka kai ni.

Ya tsufa ƙwarai, idonsa ɗaya ya yi fari. Na durƙusa na gaishe shi, ya kama kaina da hannu biyu.

“Ayuba ne? Muryar Iliya ce da kai yanzu. Ina Dauda?”

Ko ruwa ban sha ba ya yi mini wannan tambayar. Na ce yana Maiduguri, na miƙa masa garin kunu don in kauce.

Da rana ta take aka kawo tuwo a kwano ɗaya. Malam ya wanke hannu amma bai fara ba, yana jira. Sai ga wani tsoho ya shigo a rame, yana bin jikin bango, ya zauna a gefen tabarma bai dubi kowa ba. Baba Ishaku ne. Malam ya tura kwanon tsakaninsu ya ce mini, “Matso.”

Ban matsa ba. Na tashi na fita bayan ɗaki na tsaya jikin wata bishiyar dogon yaro. Na yi fushi da Malam fiye da yadda na taɓa yi da wani mai rai.

Da suka gama ya lallaɓo da sandarsa ya same ni.

“Baba, 'ya'yanka biyu,” na ce. Abin da na iya faɗa ke nan.

“Na san adadinsu.” Ya zauna a kan wani dutse. “Da muka iso nan ba mai ba shi ruwa. Ya kwanta a bayan makewayi ya daina ci, yana jiran mutuwa. Ni kuma ga yara sun taru ina koya musu cewa ba a ci sai an nemo wanda babu. Wata yarinya ta ce, Malam, wancan fa, waye abokin kwanonsa? Ka ga inda aka kama ni.”

“Ka yafe masa ke nan?”

“Wata rana na yafe. Wata rana in na tashi sai in ga babu, sai an sake daga farko. Ranar da babu ma ina zama, loma ce dai ba ta wucewa.” Ya share idonsa mai gani. “Dattawan majami'a sun sauke ni daga cikinsu a kan haka. Iyaye da yawa sun janye 'ya'yansu. Ban ga laifinsu ba.”

Na gaya masa abin da ya kawo ni. Na shirya wa dogon wa'azi, har na tanadi amsoshi tun daga Banki. Bai yi ba. Ya ce a miƙo masa kwanon da suka ci a ciki. Ya kama hannuna ya ɗora a bakinsa, ya yi addu'a gajeriya, sannan ya ɗaga hannun nawa ya mayar mini a kan ƙirjina.

“Na kwance ka. Yaro na ɗaura, wanda bai san abin da duniya za ta yi ba. Ba zan riƙe babban mutum da alkawarin yaro ba. Je ka, babu laifi a kanka, a gabana ko a gaban Ubangiji.”

Na zaci zan ji sauƙi. Abin da na ji shi ne kamar an fitar da kayana waje an rufe ƙofa. Tun ina yaro duk wani abin kirki da na yi a cikin masu bi, da dokar nan na yi shi, ita ta kai ni kujerar shugaba. Yanzu an ɗauke ta, ba wanda zai ce na yi ko ban yi ba.

Da zan tafi washegari Baba Ishaku ya tsaya nesa da hanya. Ban gaishe shi ba, shi ma bai gaishe ni ba. Da na zo wucewa ya yi magana yana kallon ƙasa.

“Yana waƙa har yanzu?”

Na ce ban sani ba. Ita ce kaɗai maganar da ta shiga tsakaninmu.

Dawowa ba ta da labari. Ƙafa ta kumbura, mota ta lalace kusa da Bama muka tura, na iso gida mahaifiyata ta dube ni ba ta tambaye ni komai ba. Abin da ya biyo baya a zumunta kun san shi. Na shaida wa kwamiti an kwance ni, Hannatu ta yi ajiyar zuciya, sannan na ce duk da haka ni zan zauna da Dauda. Ita da mutum da yawa sun koma yin sujada a wani wuri. Ina gaishe ta tana amsawa, kuma duk wanda ya zage ta a gabana za mu ɓata. Zaɓe na zuwa, na san inda zai faɗi.

Abin da ba ku sani ba shi ne abin da ya faru kafin wannan taron. Ina dawowa aka ce mini Dauda ya daina zuwa lakca, yana kwana a shagon wani tela a Hausari, yana shirin komawa Yola. Na hau keke na je. Na same shi a bakin shago yana sa wa wata riga maɓalli.

“Na ji ka je wurin Malam,” ya ce.

“Na je.”

“Ya kwance?”

“Ya kwance.”

Ya gyaɗa kai. “To madalla. Ka huta.” Ya ci gaba da ɗinkinsa, allurar na kuskure ramin maɓallin. “Babana fa?”

“Yana nan. Yana cin abinci.”

“To me ya kawo ka?”

“Ba wanda ya aiko ni. Ban ce zan iya ba, Dauda. Na dai zo.”

Ya kwashe yadin da ke kan benci, na zauna. Keken ɗinki na ta ƙara a ciki. Har lokacin ban iya duban fuskarsa ba, hannuwansa nake kallo.

“Ayuba,” ya ce, “ka tuna ranar da kunama ta harbe ni a gona? Yaya Iliya ne ya goyo ni har gida, yana ta yi mini tsiya wai na fi buhun dawa nauyi. Ni ma yayana ne. Shekara da shekaru ke nan, ba wanda ya taɓa yi mini gaisuwarsa.”

Gaskiya ne, kuma ko sau ɗaya abin bai taɓa zuwa mini a rai ba. Na sauko daga kan benci na durƙusa a gabansa, yadda ake yi a gidan makoki a garinmu, masu wucewa na kallo.

Na ce, “Dauda, yaya haƙuri?”

Ya kifa fuskarsa a cikin rigar mutane ya yi ta kuka, ni kuma na riƙe masa allurar kada ta soke shi.